Zanen Makarar Kaka

Kakata ta wajen uba ta gama shirin mutuwarta tun ina koyon taka keken ɗinki, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Dandin Mahe. Nan take ajiye abin da take kira kayan tafiya: farin yadi na likkafani, kwalbar turare, sabulu, da 'yar ƙwarya sabuwa. Kusan kowace tsohuwa a garinmu tana da irin wannan ajiya, don ba a so ranar da ta Allah ta kasance a ga 'ya'ya suna zarya a kasuwa. Abu ɗaya Kaka ta fi sauran tsofaffi da shi, wato zanen da za a lulluɓe makararta. Na kowa daga kasuwar Shagari ya fito ko ta Bodinga, nata kuwa daga Misira.

Baffana ne ya aiko da shi, ƙanen babana, autanta. Ya tafi can karatu yana saurayi, ya gama, ya samu aikin tafinta ga mutanenmu masu zuwa neman magani, ya yi aure, ya zauna. Duk sanda aka yi waya aka tambaye shi zuwa gida, sai ya ce baɗi in Allah ya yarda. Lokacin da zanen ya iso a hannun wani matafiyi, yanar ido ta riga ta rufe wa Kaka gani. Tana bambance rana da inuwa, tana gane mutum da muryarsa, iyakar abin ke nan. Ta shafa zanen a ninke, ta ji kaurinsa, ta shinshina, nan take ta yanke hukunci cewa abin da ya fito daga ƙasar da annabawa suka taka bai kamata a ɗaura shi a je biki ba. Na ranar ƙarshe ne.

Ba ta yarda kowa ya warware shi ba. In tsofaffin ƙawayenta suka zo hira, sai ta sa a jawo adaka, ta ɗaga musu kusurwa ɗaya, su ga shuɗi da ruwan zinari a gefe, su yi ta sa wa Baffa albarka. Ita kuma ta gyara zama ta ce ɗan da ke tuna makarar uwarsa yana wata ƙasa, ai bai yar da ita ba. Da wannan maganar take toshe bakin duk mai gulmar cewa autanta ya manta da gida.

Ni ne na fara ganin abin da ke ciki. Na riga na buɗe shagona a Bodinga, sai wata Juma'a da na je gida ta miƙo mini shi a leda, ta ce bakinsa yana zarewa, in kai in daje mata. Ta gargaɗe ni kada in ɗora shi inda ake ajiye wandunan mutane. Washegari na share teburin yanka, na yi bisimilla, na warware. Sai ga wani ƙato tsaye a tsakiyar zane, jikin mutum, kan dila, yana riƙe da sikeli. Na ƙara warwarewa, ga wani mai kan jinjimi da alƙalami a hannu. Can gefe wata dabba ta yi zaman 'yan bori, kai na kada, ƙirji na zaki, ɗuwawu na dorina. Daga sama kuma jeri guda na wasu halittu a tsugune, kowanne da wuƙa. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo, ya ga abin, ya koma da baya yana neman tsari. Ni kuwa dariya ta kama ni har na zauna a kan buhun ƙyallaye, sai daga baya na tuna makarar wa za a lulluɓe da shi.

Na kira Baffa a waya a ranar. Da na gaya masa abin da na gani, ya yi salati. Ashe zannuwa biyu ya saya a ninke, ɗaya mai furanni don Kaka, ɗaya mai hotunan kaburburan mutanen Fir'auna don wani abokinsa malamin tarihi. Wajen naɗe tsaraba aka yi musaya. Abokin ya karɓi furanni ya yi godiya, bai ce komai ba, don mutum ne mai kunya. Tunda Baffa kan raka baƙi kallon waɗannan kaburbura, ya san labarin hotunan, ya kuwa zayyana mini su ɗaya bayan ɗaya, ni ma kamar wanda zai yi jarrabawa na riƙe. A ƙarshe ya roƙe ni da girman Allah kada Kaka ta ji.

Na daje zanen, na mayar. Na gaya wa babana, babana ya gaya wa innata, innata kuma in ta ji abu, to gida ya ji. Aka yi shawara, aka tsaya a kan abu mafi sauƙi: a bar tsohuwa da farin cikinta, ranar da ta cika a lulluɓe ta da wani zanen, wa zai kai mata labari? Haka muka zauna shekaru, gida guda da sirri guda, Kaka tana ɗaga kusurwa, baƙi suna sa albarka.

Sai aka yi mata aikin ido a Sakkwato.

Mu muka matsa mata ta je, mu muka yi ta addu'a, ba wanda ya tuna da adaka. Da aka cire mata auduga, ta dawo gida da baƙin tabarau irin na direbobin tirela, gidanmu bai ƙara samun sakat ba. Ta ga tukwanen innata ba su fita da wanki. Ta ga bangon zaure ya tsage. Ta ga akuyar da take ta yabo ramammiya ce. Aka miƙa mata madubi, ta dubi kanta, ta tambaya wace tsohuwa ce wannan, wa ya bar ta ta shigo. Ni kuwa da na zo gaisuwa, ta ɗaga tabarau ta ƙare mini kallo, ta ce da ta san haka mijin nata yake da tuni ta kai ƙara wurin alƙali. Mijinta take kirana, ni kuma in ce matata, yadda jika da kaka suka saba. Na ce ai ni ma haƙuri nake yi, ga 'yan mata cike da Bodinga.

Ana cikin wannan murna ta sanar da cewa ranar Juma'a za a fito mata da adaka tsakar gida, ta ga kayan tafiyarta da idonta, musamman zanen Misira.

Babana ya biyo ni har shago a motar haya, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a benci, ya cire hula, ya mayar. Ya ce innata ta ba da shawarar a ce gara ta ci zanen, shi kuma ya ce ba zai yi wa uwarsa ƙarya da furfurarsa ba. An yi tunanin musanya shi da wani, amma Kaka ta san zanen nan da hannu fiye da yadda muka san shi da ido, har ɗinkin da na yi ta san inda ya karkace. Abin da yake tsoro ba ɓacin ran yini ɗaya ba ne. Kaka mace ce mai kaifin harshe, kuma ta jingina mutuncin autanta gaba ɗaya a kan wannan zane. In ta ga gumaka ya aiko mata ta shiga kabari da su, tana iya furta kalmar da ba a janyewa, kuma bakin uwa ba abin wasa ba ne. Ɗa ba ya iya tsayawa gaban uwarsa ya warware mata irin wannan abu, suruka kuwa ba a ma maganarta. Saura jika, wanda al'ada ta ba shi lasisin faɗa wa kaka duk abin da ya ga dama.

Ya ce, "Kai ka iya da ita. In ta yi hushi, kai ɗai na ba ta iya yi ma baki."

Ranar Juma'a da hantsi aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Babana ya tuna da wani aiki na gaggawa a fadamar albasa. Innata ta shige madafa, amma ban ji ƙarar tukunya ko ɗaya ba. Kaka ta duba likkafani ta yaba, ta buɗe turare ta ce ya rage ƙamshi, sannan ta nuna ledar da haɓa.

Na ce, "Matata, kahin in buɗe, ki sani kishiyoyi na ciki, kuma ba su da kyau."

Ta ce, "Buɗe, sarkin surutu."

Na warware shi gaba ɗaya a kan tabarma, na danne kusurwoyin da takalma. Ta cire tabarau, ta sunkuya. Ina ƙaunar tsohuwar nan, kuma ban taɓa ganin abin da ya karya ta ba, ba na so in zama ni ne na fara gani. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kan ƙaton tsakiya.

"Wanga mutum na ko kare na?"

Na ce dila ne, ko kuma mutum mai kan dila. Na gaya mata abin da Baffa ya gaya mini, cewa mutanen Fir'auna suna zana irin waɗannan a bangon kabari da jikin akwatin gawa, don a ganinsu su mamaci zai tarar a can. Na fara kawo sunan mai kan dilan, ta ɗaga hannu ta ce kada in kira sunan kowa a gidanta, ba ta gayyace su ba.

"To mi shika aunawa?"

Na ce zuciyar mamaci ce a kwano ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan. In zuciyar ta rinjayi gashin saboda nauyin laifi, sai a jefa wa waccan dabbar mai kan kada ta haɗiye, mutum ya ɓace ke nan har abada. Mai kan jinjimi shi ke rubuta sakamako.

Kaka ta yi shekaru tana awon gero a kasuwar Shagari kafin ido ya hana ta, don haka maganar awo ta shige ta. Ta ƙara matsowa ta duba igiyoyin sikelin. Ta ce, "Ashe su ma sun ji labarin mizani, sai dai wanda yab ba su labarin bai kai ƙarshe ba. Amma sikeli hannun dila? Ko tatsuniya ba a ba dila ajiya. Wanga bawan Allah an cuce shi tun ba a hwara ba."

Bawan Allah da take nufi shi ne mamacin, wani siriri cikin fararen kaya a gefen zane, matarsa tana bayansa ta ɗora hannu a kafaɗarsa. Kaka ta ce ka ga matar kirki, har can ta raka shi, ita kam da ta ga kadan nan sai dai ya ji labarinta. Na ji wani abu kamar tari daga madafa.

Sai ta hau jerin sama, na masu wuƙaƙe. Akwai mai kan zomo, akwai mai kan kunkuru, akwai maciji mai ƙafafu, akwai wani da fuskarsa ke duban bayansa. Ta tambaye ni aikin kowanne. Na ce wasunsu masu gadin ƙofofi ne, wai mamaci sai ya faɗi sunan kowane mai gadi kafin a buɗe masa ya wuce. Wasu kuma, in ji Baffa, ko masanan da suka tsufa a kan wannan karatu ba su san ko su wane ne ba. An tarar da hotonsu a kabari ɗaya ko biyu, ba bayani, waɗanda suka san su sun mutu da saninsu.

Wannan ya ba ta tausayi, abin da ban zata ba. Ta shafa kan mai duban baya, ta ce, "Kai ko masu bauta maka sun mance ka." Sannan ta kwashe da dariya, ta ce, "Sunan kowa da kowa? Ni da sunan jikokina ka rikice mani? Da ni ta, ƙohwar hwarko za ni kwana. Mun gode Allah da tamu tambaya ba ta da yawa, kuma na daɗe ina bita."

Na fara sakin jiki, har ina shirin ƙara wani wasan, sai na ga ta mayar da tabarau. Ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun ranar dajiya. Ta tambaya ko babana ya sani, na ce e. Ta ɗaga murya ta tambayi madafa, madafa ta amsa a hankali.

"Wato ni ɗai ta ban sani ba. Ina ɗaga ma mutane gindin dorina suna sa albarka. Da na mutu hwa? Da kare za ku ruhe ni?"

Na ce a'a, mun shirya canza shi da wani.

"Ko gawata sai kun yi ma wayo."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ta ambaci ƙawayenta biyu da suka riga mu gidan gaskiya suna ganin ta fi su zane, ta ce da wane ido za ta dube su. Daga nan ta miƙo hannu ta ce in kira mata Baffa a waya. Na danna lambar ina addu'a kada ta shiga, ta kuwa shiga. Na buɗe murya yadda kowa zai ji, innata ta fito ta tsaya da ludayi a hannu.

Baffa ya yi sallama, ya fara jero gaisuwa, ya tambayi ido. Ta ce ido lafiya lau, har ya ga baƙin da ya aiko mata. Ya fara rantsuwa yana bayanin musayar tsaraba kamar ƙaramin yaro, mutum mai 'ya'ya manya. Ta bar shi ya yi ta yi har ya gaji. Na dubi bakinta, na san yanzu ne.

Ta ce, "Na ji. Kuskure na, kuma na yahe. Amma zanen ga bai yi ba, kuma ban ƙara yarda da aike. Wanda ka ruhe ni, kai za ka kawo shi da hannunka, ka warware shi gabana ciki da baya. In ka ce baɗi, to wanga na nan, da shi za a ɗauke ni, gari dut shi gani, a ce ga abin da auta ya aiko ma uwatai."

Ta miƙo mini wayar ba ta jira amsa ba. Innata ta koma madafa da sauri, wannan karon kuwa tukwane suka yi ƙara. Na ce wa Kaka ai ba za ta iya ba, liman ma ba zai yarda ba. Ta ce ta sani, ni ma na sani, amma shi da ke Misira bai tabbata ba, kuma in na kuskura na gaya masa, aurenmu ya mutu.

Zanen bai ƙara kwana a adaka ba, don ta ce ba a sallah a ɗaki da waɗannan ƙarti a ƙarƙashin gado. Babana ya so a ƙone shi, ta hana, ta ce yadi mai kauri haka ba a ɓarna da shi. Ta sa aka kai shi fadama aka ɗaura a kan rumfar da ake tara albasa, tunda dai gadi ne sana'arsu, su yi gadin abin da zai amfani mutane. Ban sani ba ko sun iya aikin, amma a shekarar yaran da ke zare mana albasa sun canza hanya. Mutane har daga Sifawa sukan tsaya da babur su leƙa, babana yana yi kamar ba gonarsa ba ce.

Labari ya zaga gari, ba shakka. Kaka ba ta jira a yi da ita ba, ita ta riƙa ba da shi da bakinta, tana kwaikwayon zaman mai kan kunkuru, tsofaffi suna riƙe ciki. Ta ƙara da cewa autanta yana hanya. Ni dai ban sa rai ba, don na san baɗin Baffa.

Bai kai baɗi ba. Ana gama kwashe albasa, wata ranar kasuwar Bodinga ina tsakiyar yanka, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar shagona, wani dattijo mai tumbi ya sauko yana tambaya ko nan ne shagon ɗan wansa. Da murya na gane shi. Na rufe shago, muka kama hanyar gida tare, yana rungume da leda a ƙirji, bai yarda an sa ta cikin kaya ba. A hanya ya tambaye ni ko da gaske za ta iya sa a ɗauke ta da wancan zanen. Na ce ai ya san halin uwarsa.

Mun tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake. Baffa ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya gaishe ta, hawaye yana bin gemunsa. Sannan ya yi sauri ya ciro zanen, kore ne fes, babu ko ɗigon hoto, ya miƙe ya warware shi, ya juya ciki, ya juya baya, yana cewa ta duba da kyau. Kaka ko kallon zanen ba ta yi ba. Ta ture farantin wake, ta cire tabarau, ta ce ya ajiye wannan ya matso. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Rabonta da ganin wannan fuska tun ba gashi a haɓarsa.

Ta ce, "Wa yab ba ka izinin hurhura ban gani ba?"

Ya hau dariya yana kuka. Ta ce inuwar darbejiya ta yi mata duhu, ya koma can inda rana take. Ya ja jiki ya zauna a tsakiyar rana, a ƙasa, da babbar rigarsa ta tafiya. Innata ta kawo ruwa, babana ya shigo da gudu daga gona, maƙwabta suka cika zaure, Kaka ta ce kowa ya dakata tukuna. Gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, bai motsa ba, ita kuma ba ta ɗauke ido ba.